Rigar da Mahbub ya karɓa a ƙofar gidanmu

Daga Kara, ƙasar Gwarzo.

Zuwa ga ƙanina Alhaji Dalhatu, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya Ikilima da yaran da ke gabanku. Allah Ya sauƙaƙa maka ciwon idon da kake kuka da shi, Ya sa albarka a shagon ɗinki. Mu nan lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Gwiwata tana nan yadda ka bar ta, ita ke sanar da ni hadari tun masu rediyo ba su farga ba. Matata Marka ta warke daga zazzaɓin da ya kwantar da ita a tsakiyar damina, har ta koma yi wa awaki faɗa, kai ma ka san wannan ita ce shaidar lafiyarta. An cire gero, dawa ta fara sunkuyar da kai, gyaɗar gonar gabas kuwa bana ta kunyata mu. 'Yarmu Furera ta sauka lafiya a Durun, an sami namiji, ya ɗauko hancin gidanmu gaba ɗaya, Allah Ya ba shi haƙurin ɗaukarsa.

Maganar Badi'a ce ta sa na zauna rubutu. Tun ranar da ka damƙa mini ita tana 'yar mitsitsiya ka ce ni ne ubanta a nan, ban taɓa jin nauyin kalmar ba kamar lokacin da ka kira ka ce in bincika yaron nan Mahbub da ke nemanta, duk abin da na yanke ka yarda. Yanzu ba yarinya ba ce. Ungozoma ce a asibiti a Gwarzo, matan da suka haife ta ma suna ce mata Malama. Ita ta ga yaron ta ce tana so, don haka na tafi binciken da niyyar in samo dalilin cewa to.

Na fara da Gammo, can ƙasar Kabo, inda asalinsa yake. Gida ne na manoma masu rufin asiri. Mahaifinsa ya rasu, baffansa Malam Ja'afar ne ke tsaye a kansa, dattijo mai kunya wanda ba ya haɗa ido da baƙo. Ba wani ciwo da ake gudu a zuri'arsu, ba a taɓa kai ɗayansu gaban alƙali ba. Da na zo kan sana'a, sai Malam Ja'afar ya dubi yatsun ƙafarsa kamar ranar ya fara ganinsu, ya ce yaron dai ya yi karatun aikin gona, amma yanzu busa yake yi. Na ce algaita ko sarewa. Ya ce shi ma abin da ya tambaya ke nan, aka ce masa wai jaz, daga nan bai ƙara tambaya ba don kada a ƙara masa wata kalmar.

Sai na ce ba zan yanke wa mutum hukunci a kan abin da ban gani ba. Wata Asabar na shiga mota na tafi Kano, na same su bayan La'asar a lambun wani otal. Su huɗu ne. Mahbub yana riƙe da wani lanƙwasasshen ƙaho na tagulla mai maɓallai kamar rigar ɗan sanda, sunansa saksafon. Akwai Gamaliel mai piyano, ɗan malamin nan na kudancin Kaduna da ya daɗe yana koyarwa a sakandaren Gwarzo, za ka tuna shi, mai farin keke. Akwai Edwin mai ganguna da faya-fayen ƙarfe, sai wata Linda 'yar Filato da ke rungume da wani goge da ya fi ta tsawo, ba ta goga shi, tsungulinsa take yi.

Dalhatu, ni da kai mun tashi a kan tabarmar Inna, mun san labari yana da kai yana da wutsiya. Wannan kiɗa ba shi da ko ɗaya. Za su fara tare kamar mutanen kirki, har ka fara gyaɗa kai, sai ɗaya ya ɓalle ya shiga daji shi kaɗai. Sauran ba za su bi shi su dawo da shi ba, sai su sunkuyar da kai suna jijjiga shi kamar masu karɓar gaisuwar mutuwa. In ya gaji da yawo ya dawo, 'yan kallo su tafa masa don ya dawo da rai, sai na kusa da shi ma ya ɓalle. Ba mai rawa, ba mai waƙa, ba a kiran sunan kowa. Masu sauraron suna ta cin gasasshen kifi. Da aka tsaya na tambayi Mahbub taken wane ne wannan da suka kaɗa. Ya yi murmushi irin na likita ga majinyaci, ya ce Baba ai ba taken kowa ba ne, abin da ke zuciya ne. Na ce to su maimaita mini in ƙara ji. Ya ce ai ba ya maimaituwa, kowane lokaci sabo ne. Na ce a raina, a Kara mai wannan halin ce masa muke yi bai iya ba.

Kada in zalunce shi. Yaron yana da numfashi, kuma akwai wani wuri da ƙahon ya yi ƙasa da murya har na tuna kukan saniyar da aka raba da ɗanta. Da lokacin salla ya yi ya ajiye tagullar ya yi alwala ba tare da an tuna masa ba. Da safe yana koyar da kiɗa a wata makarantar 'ya'yan masu hali, ba ya shaye-shaye, ba ya zaman banza. Gamaliel, wanda ya durƙusa ya gaishe ni da Hausar da ta fi ta Mahbub daɗi, shi ya ba ni tarihinsu. Ya ce tun suna sakandare suka fara da tsohuwar piyanon cocin babansa. Mutane da dama sun shiga ƙungiyar sun fita. Mai ƙahonsu na farko yana wani otal a ƙasar Larabawa yana busa wa masu jiran ɗaki. Mai jitarsu ta koma sayar da atamfa a Jos, kuma ita kaɗai ce a cikinsu ta gina gida. Edwin daga badujalar 'yan sanda ya gudo, kullum yana barazanar komawa. Linda tana jiran takardar wata makaranta a Turai. Shi kansa Gamaliel cocin Lahadi ne ke ciyar da shi. Na ce ashe ƙungiyar tasu tasha ce, kowa da jakarsa a hannu yana leƙen mota. Ya yi dariya ya ce Baba ka gama magana. Duk da haka na dawo gida na ce wa Marka zan ba shi Badi'a. Kunnena ne bai so abin ba, kuma ba kunnena za a aura ba.

Ban kai ga aika wa Gammo ba sai ga abin da ya faru. Ranar wata Juma'a bayan La'asar ina zaure da baƙi, sai ga wata farar bas ta tsaya. Aka sauke janareta, aka sauke ganguna, aka jingina ƙaton gogen nan da bangonmu, daidai inda Baba yake ɗaure jakinsa. Kafin in gane me ake ciki sun jeru a ƙofar gida sun fara. Ashe Mahbub ne ya ga na yi tattaki har Kano, ya ce zai rama mini girma, wai a wurinsu ba karramawar da ta kai a zo a yi wa mutum kiɗa har gida. Daga baya Gamaliel ya rantse mini ya gargaɗe shi tun a hanya, ya ce shi a Gwarzo ya girma, ya san abin da ake nufi in makaɗi ya tsaya a ƙofar mai gida. Mahbub, ɗan Gammo, ya ce masa wannan tunanin mutanen da ne.

Kai ka san abin da bai sani ba. A ƙasar nan wanda ya kafa ganga a ƙofarka roƙo ya zo. Ba laifi ba ne, sana'a ce mai tsarinta, amma mai neman aure ko hanyar da surukinsa ke bi kauce mata yake yi, balle ya zo ya buɗe masa baki da ƙaho. Nan da nan unguwa ta cika, mata suka hau katanga. Sai ga Yelwa. Ka tuna Yelwa sanƙira, mai yi wa makaɗa kirari yana shelar kyauta, wanda tun da aka koma kunna waƙa a lasifika wurin biki ba wanda ya ƙara nemansa. Tsohon nan da ake cewa ƙafa ta hana shi zuwa masallaci, ya taho da sauri har yana mance sandarsa. Bai tambayi kowa ba, ya tsaya a gabansu ya toshe kunne ɗaya ya ɗaga murya. Ya faro mu tun daga kakanmu mai rijiya, ya bi ta kan Baba, ya zo kanka ya ce mai allurar Kumasi, ya zo kaina. Sannan, da yake ya ji ƙishin-ƙishin abin da ya kawo yaron, ya shiga kiran uban Badi'a, uban fara mai karɓar 'ya'yan mutane, a fito a sallami masu son Badi'a. Yana kiran sunanta, Mahbub yana amsa masa da ƙaho, Edwin yana zuba musu ganga, duk sun washe baki kamar an ba su sarauta.

Na leƙa na yafuto Yelwa na ce ya yi wa Allah ya bari. Ya ce Malam, bakin da aka buɗe a ƙofar mai gida kyauta ce kaɗai ke rufe shi, kuma in na ƙi, yana da waɗansu baitocin da ya tanada don marowata tun zamanin Baba, bai taɓa samun inda zai gwada su ba. Ka ga inda aka sa ni. In na hana, a yi wa gidanmu zambo a gaban garin da aka haife mu. In na bayar, na mai da mai neman 'yata maroƙina. Na tsaya ina tunani, sai na ga dabara ɗaya ce, in ba Yelwa shi kaɗai. Na tuɓe babbar rigar da na je Juma'a da ita, shuɗiyar nan da ka ɗinka mini, na miƙa masa na ce tasa ce. Amma Yelwa ɗan ƙa'ida ne. Ya ɗaga ta sama ya zagaya da ita ya yi shela, sannan ya kai wa Mahbub, shugaban makaɗa, kamar yadda aka saba, don shi ne mai rabo. Duk mai hankali a wurin ya zuba wa Mahbub ido. Da yaron ya ja da baya ya ce a bar wa tsoho, da an yi dariya an watse. Sai ya sa hannu biyu ya karɓa, ya zura ta a kan 'yar shat ɗinsa, ya juyo ya rusuna mini, ya ci gaba da busa. Wata daga kan katanga ta rangaɗa guɗa. Marka da ke bayan ƙyaure ta ce, to Malam, ka yi suruki ka yi maroƙi a riga ɗaya, ka huta da ɗinki biyu.

Ko wannan da na shanye. Jahilci ne, kuma jahilci yana warkewa. Abin da ban sani ba, sun kafa waya a kan bas tana ɗauka. Kafin mako ya zagayo sun ɗora hoton a yanar gizo, ga ƙofar gidanmu, ga ni ina tuɓe riga, ga Yelwa yana kiran sunan 'yarka. Aka ce mutane sun kalla har a ƙasashen da ba su san inda Kano take ba, suna ta yabo wai an haɗa tsohon kiɗa da sabo. Su can abin sha'awa suka gani. A Gwarzo kuwa, Badi'a ba ta isa ta ratsa tasha ba sai 'yan acaɓa sun toshe kunne ɗaya sun ce a sallami masu son Badi'a. Wata mai naƙuda ma, tana tsakiyar ciwo, ta dube ta ta ce au, ke ce ta cikin waya. Ta dawo gida ta ba Marka labari tana dariya, amma tuwonta na daren ranar, kaji aka ba da safe.

Na aika wa Malam Ja'afar, wanda kunya ta hana shi zuwa kasuwar Kabo tun ranar. Ban ce yaron ya bar busa ba, ban ce ya dawo da riga ba, kyauta ba ta komawa. Abu ɗaya na nema, a sauke hoton nan, sannan ya zo ta hanyar da masu neman aure ke zuwa. Suka zo tare, suka zauna a zaure. Badi'a ta roƙe ni in bar ta ta zauna a soron ciki inda za ta ji ba a gan ta ba, na bar ta, tun da rayuwarta ake magana a kai.

Mahbub ya gaishe ni da ladabi, ba zan ɓoye ba. Ya ce ya yi nadamar ɓacin raina. Na lura ɓacin raina ya yi nadama, ba abin da ya yi ba. Sannan ya ce sauke hoton zai yi wuya, domin sanadinsa aka gayyace su wani taron makaɗa a Turai, abin da suka shekara da shekaru suna nema, kuma masu gayyatar sun ce a taho da Yelwa. In aka sauke, Linda za ta tafi, Edwin ya koma 'yan sanda, ƙungiya ta mutu. Na ce to a bar hoton, a yanke wurin da aka kira sunanta. Nan ya gyara zama, fuskarsa ta yi haske, ya shiga yi mini bayani. Wai Baba ai wurin nan ne ran kiɗan gaba ɗaya, daidai inda Yelwa ya ja sunan nan ne ƙahonsa ya amsa, bai taɓa busa irin wannan ba kuma ba zai ƙara ba, in aka cire shi saura fanko ne. Ya ce shi a ganinsa ma babu shaidar ƙauna da ta wuce duniya ta ji sunanta a bakin ƙahonsa. Malam Ja'afar dai yana ta salati ƙasa-ƙasa.

Sai Marka ta leƙo ta ce ana kirana a ciki. Badi'a ce. Ta ce Baba, tambaya ɗaya za ka yi masa, in sunan ƙanwarsa Sadiya ne 'yan tasha ke rerawa, zai bari ko zai cire. Na koma na tambaye shi kamar daga ni ta fito. Mutumin da ke iya busa har a gaji da shi ba tare da ya san inda za shi ba, sai ga shi ya ɗaga kai sama. Ya dubi rufin zaure, ya dubi baffansa, can ya ce wannan ba shawarar mutum ɗaya ba ce, sai ya tuntuɓi 'yan ƙungiya. Na ce madalla, Allah Ya kai su gida lafiya. Gamaliel ya zo shi kaɗai bayan kwana biyu ya ba ni haƙuri, ya ce ba wanda ya tuntuɓe su, kuma shi da an tambaye shi da ya ce a cire. Ko gaskiya ya faɗa ko kunyar garin da ya rene shi ce, Allah Ya sani. Hoton dai yana nan har yau. Yelwa kuma an kai shi Kano an ɗauke shi hoton fasfo, yana ta tambayar mutane ko a Turai ana ba da riga.

Ban yanke komai ba a ranar da muka zauna a zauren, na ce bari in ga abin da mai abin za ta yi. Da safe kafin ta tafi aiki ta fito da 'yan kayan da ya taɓa kawo mata, turare da mayafi da wata 'yar waya, ta ɗaure su a ɗankwali ta ajiye a gabana. Ta ce Baba a mayar Gammo, a gaishe da Malam Ja'afar da kyau don shi bai yi mana komai ba. Na ce ta tabbata, kada ta yi don ni, domin ni na riga na yarda da shi tun kafin wannan. Ta ce ta sani. Ta ce da kiɗan ne kawai da ta koyi sonsa, har ta fara. Amma ta zauna a bayan bango ta ji an ɗora sunanta a sikeli da wani wuri mai daɗi a cikin busa, kuma ta ji wanda ya rinjaya. Na kai kayan da kaina. Maganar aure ta tsaya, kuma wannan shi ne abin da na yanke a madadinka.

Saura roƙona gare ka. Na san ka, za ka so ka kira ta ka ce dama kai tun farko hankalinka bai kwanta da mai busa ba. Kada ka yi. Tana zuwa aiki, tana ratsa tashar nan kullum da kanta a ɗage, amma ta rame, kuma Marka ta ce takan same ta zaune da waya a hannu ba ta kunna ba. Badi'ar ce ta ce in rubuto maka da hannuna, domin in ta faɗa maka da bakinta muryarta za ta tona ta, kuma ba ta so ka ji tana kuka a kan mutumin da bai iya cire daƙiƙa guda saboda ita ba. Ka kira ta ka tambaye ta aiki, ka ba ta labarin Kumasi, ka bar ta ta kawo maganar in ta ga dama.

Marka tana gaishe ku, ta ce a gaya wa Hajiya Ikilima 'yarta tana hannu mai kyau. Furera da maigidanta suna gaisuwa, haka Altine da mutanen Durun baki ɗaya. Ka gaishe mini da yara da duk 'yan uwa na zango. Allah Ya zaɓa wa Badi'a mafi alheri, Ya sada mu da alheri.

Wassalam. Ni ne yayanka,

Muhammad Nur.